Yadda Ake Tattara Tarihin Tsohon Baduku Mahayin Doki Bayan Rasuwarsa

Tambaya: Kakanmu ya rasu wata biyu da suka wuce a wani ƙauye da ke gabas da Sakkwato. Baduku ne mai ɗinkin kayan doki, kuma mahayi ne da ya daɗe yana raka hakimi hawan Salla. Ana cewa ya haura shekara 100. Ya bar mata biyu da 'ya'ya da jikoki masu yawa, ga dokinsa a turke, ga kayan aikinsa a zaure. Muna son rubuta tarihinsa, amma duk wanda muka tambaya sai ya ce "mutumin kirki ne" ya yi shiru. Ta ina za mu fara?

Amsa: Allah Ya jiƙan tsoho, Ya kyauta makwancinsa, Ya ba ku haƙuri. Ɗan'uwa, shirun da kake samu daga tambayarka yake fitowa. In ka ce wa dattijo "ba ni labarin marigayi", ka ɗora masa shekara casa'in a lokaci guda, kuma ladabi ya hana shi faɗin komai game da mamaci in ban da yabo. Ka tambaye shi launin dokin da marigayi ya hau ranar da aka naɗa hakimin da ya gabata, ko wajen wane majemi yake sayen fata, ka ga yadda bakinsa zai buɗe. Aikin gaba ɗaya a kan ƙananan tambayoyi masu amsa takamaimai yake tsaye.

Ka fara da wanda ya fi kowa tsufa, ko da ba shi ya fi kusa da marigayi ba. Tsaransa da suka yi kiwo tare, ƙanwarsa ko yayarsa in tana da rai, sannan uwargida. Bayan su sai yaran da suka koyi dukanci a hannunsa, da wanda ke yi masa hidimar barga, da dillalin dawaki, da limamin shiyarsu, da makaɗi ko maroƙin da ya san kirarinsa. 'Ya'yansa su zo daga ƙarshe. Yawancin masu wannan aiki da 'ya'ya suke farawa don su ne a kusa, kafin su waiwayi tsohuwar gwaggo sai a ce ta kwanta ciwo ko ta ruɗe. Matansa suna cikin takaba ta wata huɗu da kwana goma, suna zaune a gida, don haka jika mace ce ta fi dacewa ta zauna da su. Ka zauna da kowa shi kaɗai. In ka tara su a zaure, babba ne zai yi magana, sauran su riƙa cewa "haka ne" ko da sun san ba haka ba ne.

Wayar hannu ta isa ɗaukar murya. A kashe mata layi don kada kira ya katse, a ajiye ta kan matashi kamar kamu ɗaya daga bakin mai magana, nesa da janareto da turmi. Kafin ya fara, ka faɗi kwanan wata da garin da sunansa da dangantakarsa da marigayi, ka nemi izninsa a cikin ɗaukar. Minti 40 zuwa awa ɗaya ya isa tsoho a zama guda, kuma da hantsi ko bayan la'asar sun fi. Zama na biyu yakan fi na farko armashi, domin a tsakani ya kwana yana tunawa. Ka tafi da abu a hannu, linzami ko basilla ko tsohon hoto, ka miƙa masa ya riƙe. In ya yi shiru kada ka cike masa gurbi da magana, ka jira.

Maganar shekara 100 tana buƙatar natsuwa. A ƙauyukanmu ba a rubuta ranar haihuwa a zamaninsa, kuma da zarar tsoho ya ga tattaɓa-kunne sai a ba shi ɗari. Shekarun da ke kan katin zaɓe ko katin ɗan ƙasa yawanci ma'aikaci ne ya dubi fuskarsa ya ƙiyasta, kada ka dogara da su. Hanyar da ke aiki ita ce a haɗa wani mataki na rayuwarsa da wani abin da aka san shekararsa. Sarautar Sarkin Musulmi ita ce ma'auni mafi sauƙi a ƙasar Sakkwato: Muhammadu Tambari daga 1924 zuwa 1931, Hassan ɗan Mu'azu daga 1931 zuwa 1938, sai Abubakar na Uku daga 1938 har 1988. In tsaransa ya ce lokacin da aka naɗa Abubakar suna famfara, wato shekara 6 zuwa 7, to haihuwarsa tana wajen 1931 ko 1932, bai kai ɗari ba. In kuwa an ce a lokacin ya riga ya fara cika azumi, ka mayar da ita baya zuwa wajen 1924. Sauran turakun da tsofaffi ke riƙewa sun haɗa da Yaƙin Duniya na Biyu daga 1939 zuwa 1945 da ɗibar soja zuwa Bama, zuwan Sarauniyar Ingila da babban hawan da aka yi mata a Kaduna a 1956, samun 'yancin kai a 1960, kisan Sardauna a Janairun 1966, canjin hannun tuƙi a 1972, canjin kuɗi zuwa naira da babban fari a 1973, da ambaliyar da ta ci ƙauyukan Goronyo a 2010. Kowane gari kuma yana da nasa: shekarar gobara, shekarar fara, shekarar da aka gina rijiyar murtsatse, shekarar wata yunwa mai suna. Ka rubuta su da sunan da garin ke kiransu, ka nemo shekarunsu daga baya. Kada ka tsaya kan turke ɗaya, ka nemi uku su yi daidai da juna.

Akwai tarko biyu a nan. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, don haka wanda ya yi Salla 100 shekararsa 97 ne a lissafin Miladiyya. Wannan gajartar kuma tana da amfani, domin azumi yana zagaya damina da rani cikin kimanin shekara 33. Sardauna cikin azumi aka kashe shi, a tsakiyar hunturu, kuma azumi ya faɗo a hunturu wajen 1933, ya sake faɗowa wajen 1998. In uwargida ta ce da azumin sanyi ta haifi ɗanta na uku, kana da tazarar da za ka duba. Tarko na biyu shi ne kuɗi. In an ce ya sayi doki fam goma sha biyar, za ka ɗauka kafin 1973 ne, alhali tsofaffi sun daɗe suna kiran naira biyu fam, naira ɗari biyu kuma jaka, bayan canji. Sai ka tambaya: kuɗi mai hoton Sarauniya ne, ko na Tarayya, ko naira? A ƙarshe ka rubuta "an haife shi wajen shekara kaza" tare da hujjar da ta kai ka can. Wannan ya fi daraja a kan ɗari da ba ta da madogara, kuma bai rage wa tsoho komai ba.

Sana'arsa ita ce inda ya kamata ka fi daɗewa, domin ita ce ta fi saurin ɓacewa. Ka nemi babban yaronsa na sana'a ya zauna a inda marigayi ke zama, ya ɗauki kayan aiki ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi sunan kowanne da aikinsa da maƙerin da ya ƙera shi, kai kuma kana ɗaukar bidiyon hannuwansa. Wuƙar yanka fata, basilla, madoshi, almakashi, dutsen wasa wuƙa, katakon da ake yanka a kai, har da 'yan ƙarafan buga ado. Daga nan ku bi fata tun daga tushe. Fatar jar akuyar Sakkwato ta yi suna har ƙasashen Turai saboda laushi da ƙarfinta, amma ba kowane aiki take yi ba. Kamazuru (igiyar linzami) da bauji (maɗaurin sirdi) da maɗaurin likkafa suna son ƙirgin sa mai kauri, ado da layu kuwa fatar akuya ko ta tunkiya. Ka tambaya wace fata yake zaɓa don wane aiki, da yadda yake gane wadda ba ta jemu ba. Fatar da ba ta sha bagaruwa sosai ba, in an yanka ta za a ga fari-fari a tsakiyarta, ta bushe ta yi tauri, ta tsage a wajen ɗinki. Ka tambayi rini: ja na karan dafi, baƙi na kuloko da ake haɗawa da kashin maƙera, rawaya ta gangamau, da lokacin da ya koma rinin kanti in ya koma, da abin da ya ce game da bambancinsu.

Kayan doki ba aikin mutum ɗaya ba ne, kuma a nan za ka gano zumuncinsa na sana'a. Masassaƙi ne ke sassaƙa icen sirdi da kwacciyar gaba da ta baya, maƙerin baƙi ya ƙera linzami da kaimi, maƙerin fari ya zuba likkafa, maɗinki ya yi aikin jalala, wato shimfiɗar ado ta sirdi, baduku ya rufe ya ɗinke ya haɗa. Su wa yake aiki da su? A ƙauye suke, ko sai ya shigo birni wajen Maƙera Assada? Wace kasuwa yake ci, Achida ko Illela ko Wurno, kuma a ƙasa ko a kan doki ko jaki? Kwana nawa cikakken kayan doki ke ɗauka, nawa yake sayarwa, kuɗi ake ba shi ko damman gero da kaka? Ka tambayi abin da ya ƙi yi, da aikin da yakan sa yaro ya warware ya sake. Ingancin mai sana'a a irin waɗannan wuraren yake bayyana, kuma su ne ke ba "mutumin kirki" ma'ana. In akwai mai iya yi, a ɗauki bidiyon ɗinkin abu guda tun daga yanka har gamawa ba tare da tsallake ba, ko da ragama ce kawai.

Dawakinsa kuwa kalanda ce a hannunka. Doki yakan yi shekara 20 zuwa 25 in ya samu kulawa, ba kasafai ake riƙe shi dukan wannan tsawon ba, don haka mutumin da ya yi shekara sittin yana hawa ya riƙe dawaki da dama. Ka jera su daga na farko zuwa wanda ke turke yanzu. Ga kowanne ka nemi launi, akawal ne ko kili ko danda ko hurde ko gunya, ingarma ne ko goɗiya, da sunan da yake kiransa, da inda ya fito, saye ne daga wajen Ƙonni ko kyautar hakimi ko haihuwar gida, da yadda ya rabu da shi. Mahaya ba sa manta doki. Mutumin da ya kasa tuna shekarar auren marigayi na biyu zai gaya maka cewa a lokacin danda ne a turke, sai ka ɗaura auren a jikin dokin. Ka tambayi abincin da yake ba su: mudu nawa na dawa ko gero a rana, dusa, harawa, ingirici da rani, kanwa sau nawa. Ka tambayi wanda ya koya masa hawa, da yadda yake horar da duƙushi har ya karɓi linzami da sirdi, da lokacin kilisa, da maganin da yake yi in doki ya yi ciwon ciki ko sirdi ya ci masa baya. Game da hawan Salla, ka nemi a wane layi yake tsayawa a tawagar hakimi, wace riga da rawani yake sawa, ko ya taɓa sa lifidi, ko an taɓa tafiya da shi babban hawa a Sakkwato ko Kaduna, kamar na bikin FESTAC da aka yi a Kaduna a 1977. Kirarinsa da na dokinsa a ɗauke su da muryar maroƙin, a rubuce kaɗai ba sa armashi.

Dokin da ke raye yana buƙatar shawara tun yau, kada a jira tarihi. Dokin da ya saba fita kullum, in aka bar shi a turke ana ci gaba da ba shi hatsi cikakke, ƙafafunsa kan kumbura, cikinsa ya ɓaci. A rage hatsi, a ƙara ciyawa, a sa wani ya riƙa fita da shi kullum, a ba shi ruwa isasshe, domin da bazara yana iya shan lita 40 ko fiye. Kada a canza masa abinci farat ɗaya.

Wajen iyali, ka samu babbar takarda ka zana ɗaki-ɗaki. Kowace mata da ya taɓa aura ta samu gurbinta, har da wadda ta rasu da wadda suka rabu, da garinsu da sunan mahaifinta. A ƙarƙashinta 'ya'yanta bi da bi, har da waɗanda suka rasu suna jarirai. Maza sukan manta da waɗannan, uwa ba ta mantawa, kuma tazarar haihuwa, wadda a da takan kai shekara biyu zuwa uku saboda shayarwa, tana taimaka maka wajen lissafin shekaru. Ka rubuta sunan yanka da laƙabi duka biyu. Uwargida ba za ta ambaci sunan mijinta ko na ɗan farinta ba saboda alkunya, kada a matsa mata, a samo daga wani. A ware gefe don 'ya'yan riƙo da almajiran sana'a da suka tashi a gidan. Abu guda da nake roƙon kada ku tsallake shi ne shayarwa: wace mata ta shayar da ɗan wa. Shayarwa tana haramta aure kamar yadda nasaba ke haramtawa, gidan da ke da jikoki da yawa kuma ana auren zumunci, wannan sani yana bakin tsofaffin mata kaɗai. Sannan ka hau sama gwargwadon iko, mahaifinsa da kakansa, daga ina suka zo, ko dukanci gado ne ko koya ya yi.

Za ka ci karo da saɓani. Ɗaki ɗaya zai ce shi ya sayi gonar fadama, wani ya ce gado ce. Kada ka zama alƙali. Ka rubuta "wance ta ce kaza, wane ya ce kaza" a littafinka, abin da zai shiga takardar da za a raba kuma ya zama wanda bai buɗe tsohon rauni ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana zagin matattu domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. Wannan bai sa a ƙaga masa abin da bai yi ba. In mai zafin rai ne a wajen aiki, ana iya faɗin haka da ladabi, jikoki za su fi gane shi a matsayin mutum. Abin da wani ya gaya maka a asirce kuwa, kamar dalilin saki ko maganar asali, amana ce, kada ta fita sai da yardarsa.

Kayan da ya bari dukiyar magada ce. Doki da sirdi da kayan aiki duk suna cikin gado, kuma ba a raba gado sai an biya bashi an zartar da wasiyya. A zauren baduku kusan kullum akwai kayan mutane da aka kawo gyara, da aikin da aka ba da kafin alƙalami ba a gama ba. Babban yaronsa ya san su, a ware a mayar wa masu su. Kafin a raba sauran, a ɗauki hoton komai a inuwa mai haske, a kan farin zane, kowane abu gaba da baya, da ɗan katin lamba a gefensa. In kuna son wani abu ya zauna a matsayin abin tunawa, a yi masa kuɗi a sa a rabon wanda zai riƙe, ko magada su yafe da bakinsu, kuma rabon maraya ƙarami ba a yafe shi a madadinsa.

Ajiyar kayan tana da nata ƙa'ida. Zafin Sakkwato yana busar da fata har ta karye, damina kuma tana kawo fumfuna. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaure kaya a leda, gumi ya taru a ciki su ruɓe. A naɗe su da farin yadi na auduga, a ɗora sirdi a kan katako sama da ƙasa, nesa da bango saboda gara. A share ƙura da busasshen tsumma. In fata ta bushe ƙwarai a shafa mai ɗan kaɗan a gwada a gefe tukuna, domin yawan man shanu ko man gyaɗa yana baƙanta ta, ya yi wari, ya jawo ɓera. Linzami da kaimi a goge tsatsa a shafa man keke. Likkafar tagulla takan yi kore a inda ta taɓa fata, a raba su. Jalala da riga da rawani a riƙa fitar da su shan iska a inuwa sau biyu a shekara saboda asu. Ka bincika gafakarsa da adakarsa da kyau: rasidin haraji, fasfon aikin Hajji, wasiƙun ajami, takardar gona, duk suna ɗauke da shekaru. Kada a manne su da roba mai zafi, a ɗauki hotonsu a sa su tsakanin fararen takardu. Bayan hoto kuma da fensir ake rubutu, biro yana huda shi.

In ka zo juya murya zuwa rubutu, ka sani awa ɗaya ta magana tana cin awa biyar zuwa shida, don haka ku raba aikin tsakanin jikoki. A rubuta yadda aka faɗa. In tsohuwa ta ce "yat tahi" ko "shina ɗumki", a bar shi haka, kada a gyara mata Sakkwatancinta. Kowane fayil a sa masa kwanan wata da sunan mai magana, a ajiye kwafi uku: a waya, a kwamfuta ko katin ajiya, da kuma intanet, a hannun mutum biyu daga ɗakuna daban-daban. Hoto in za a tura ta WhatsApp a tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba ingancinsa yana raguwa. Takardar da za a buga ba sai ta yi kauri ba, shafi 30 zuwa 40 ya isa: asali da haihuwa, sana'a, dawaki, iyali da zanen ɗakuna, sai hotuna da jerin waɗanda suka ba da labari. Kafin a kai maɗaba'a, a karanta wa matansa da manyan 'ya'yansa da babbar murya su gyara. Kowane ɗaki ya samu kwafi, kuma in magada sun yarda, a cire shafukan da suka shafi sirrin gida a kai kwafi ɗaya Ofishin Tarihi na Waziri Junaidu ko sashen tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, inda masu binciken sana'o'in gargajiya za su iya samunsa.